Minti Biyar a Zaune

Duk ranar Asabar da safe motar ɗalibai takan tsaya a ƙofar baya ta asibitin koyarwa, daidai inda wani ƙaton bututu yake aman tururi daga ƙarƙashin gini. A nan ake loda akwatunan magani da tebura masu naɗewa da na'urorin awon hawan jini, sannan a nufi unguwannin bayan gari aikin sa kai. Ɗalibai sukan matsa gefe kada fararen rigunansu su yi danshi. Auta ba ta taɓa matsawa ba. Ta san abin da ke ƙarƙashin bututun: ɗakin wanki da guga, injina shida, mata goma sha tara, ɗayarsu kuma uwarta ce.

Shekara goma sha huɗu Inna ta yi tana guga a ɗakin nan. Da gugar aka yi wa Auta firamare da sakandare, da ita ta kai aji uku a makarantar koyon aikin jinya. Ba ta kuma ɓoye wa kowa. Ranar da wata 'yar ajinsu ta tambaye ta ko tana da wani nata a asibitin, sai ta dube ta ido cikin ido ta ce, "Ina da shi. Duk zanen gadon da za ki shimfiɗa wa mara lafiya, sai da ya bi ta hannun uwata." Tun daga ranar ba wanda ya sake yi mata irin wannan tambaya.

A zangon nan aka fara yi musu darasi kan adalci a kiwon lafiya. Malamar doguwar mace ce mai farin gilashi, ta yi shekara talatin tana jinya kafin ta koma koyarwa, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Wata Laraba ta rufe littafinta ta ce, "Ku gaya mini, su wa muke tsallakewa?"

Aka ce mutanen ƙauye. Aka ce tsofaffi da masu naƙasa. Auta ta miƙe.

"Malama, duk Asabar muna tsallake mata goma sha tara tun mota ba ta tashi ba. Suna ƙasan ƙafarmu. Asibitin nan suke yi wa aiki, amma kamfani ne ya ɗauke su, don haka ba su da katin ma'aikata, ba a duba su a asibitin ma'aikata. Ban taɓa jin an auna jinin ko mutum ɗaya a cikinsu ba."

Malama ta cire gilashi ta goge, ta ce, "To, ki shirya. Ke za ki jagoranta."

Auta ta koma gida ƙafarta kamar ba ta taka ƙasa. Ta tarar da Inna a bakin ƙofar ɗaki, ta tsoma ƙafafu a cikin baho da ruwan ɗumi kamar yadda ta saba in ta dawo. Ta zayyana mata komai. Inna ba ta ɗago ba.

"Ku je can inda ake son ku mana. Mu me muka yi muku?"

"Inna, kyauta ne fa. Ba wanda zai ce ku kawo komai."

"Na ji kyauta ne. Ni dai na ce ku bar mu."

"Tsoron allura kike ji? Ba allura a ciki."

"Ni da na haife ki a tsaye kusan, allura zan ji tsoro? Miƙo mini tawul."

Auta ta miƙa mata tana dariya. A ranta ta ce irin taurin kan manya ne, gobe zai wuce. Ba ta sake tambaya ba.

Mai kula da sashen wanki wani gajeren mutum ne da matan suke kira Agogo a bayan idonsa, saboda ko gaisuwa ake yi da shi idonsa yana kan tsintsiyar hannunsa. Ya karanta takardar makaranta, ya ce ya ba da rabin awa, da sharaɗin kada inji ko ɗaya ya tsaya.

Ranar Asabar ɗalibai biyar suka sauko da tebur ɗaya da na'ura biyu. Zafin ɗakin ya mare su tun daga matakala. Injina suna ruri, babban injin guga yana haɗiye zannuwa yana fitarwa, mata bibbiyu suna cafewa suna ninkewa. Babu kujera a ɗakin sai wadda ɗaliban suka sauko da ita, mai rubutu a cikinsu ya zauna a kai. Auta ta ɗaga murya ta yi bayani kan hawan jini, yadda yake cin mutum ba ciwo ba alama. Ta gama. Ba wadda ta motsa.

Minti biyar ya wuce, goma ya wuce. Matan da suka goya ta tana ƙarama, waɗanda suke ajiye mata alewa a aljihun riga, yau kowacce ta mayar da ido kan aikinta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Wani ɗalibin likitanci mai gashin baki ya sunkuyo ya raɗa wa na kusa da shi wani abu, suka yi murmushi. Agogo yana jingine a bakin ofishinsa yana duba hannu.

Sai Inna ta kife dutsen guga a mazauninsa. Ta share hannu a jikin riga, ta ratsa tsakiyar ɗakin ba gaggawa, ta zo gaban tebur ta miƙa hannu.

"To, Likita. Ga shi."

Da ta bar wurin, sai aminiyarta da ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa ta yi tsaki ta biyo baya. Daga nan layi ya haɗu. Saura minti goma sha biyar, mutum goma sha tara. Aka shiga ɗaura musu na'ura a tsaye, wata a kan hannun riga, wata tana magana, wata tana waiwayen injinta, wata ta taho da gudu da kwandon zannuwa ta dire shi ta miƙo hannu tana haki. Auta ta san ƙa'ida. Tun aji ɗaya aka koya musu cewa sai mutum ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, baki a rufe, kafin a auna. Abin ya faɗo mata a rai, ta dubi Agogo, ta dubi layin, ta ce a ranta a dai samu lambobin.

Mutum goma sha huɗu suka fito da jini a sama. Na Inna ya fi na kowa: ɗari da casa'in kan ɗari da goma sha biyar.

Ranar Lahadi Auta ta yini tana rubutu. Ta tsara wasiƙa mai kyau zuwa ga kamfani, ta jera sunaye goma sha huɗu, kowanne da lambarsa a gaba, ta nemi a sassauta musu aiki, a ba su hutu a tsakiyar yini, a sa fanka. Ta karanta ta sake karantawa, ta ji ko Malama ba za ta iya gyara mata harafi ba. Ba ta nuna wa Malama ba, ba ta nuna wa Inna ba. Litinin da sassafe ta miƙa wa Agogo hannu da hannu. Ya ce ya gode ƙwarai.

Ranar Alhamis aka lika sanarwa a ƙofar ɗakin wanki. Duk wadda sunanta yake ƙasa ta kawo takardar likita mai nuna tana da lafiyar yin aiki kafin ƙarshen wata. Wadda ba ta kawo ba, ba za a sabunta mata takardar aiki ba. Duk wata uku ake sabuntawa, saura kwana goma sha tara. Sunan Inna ne na farko, domin haka Auta ta jera su, daga mai yawa zuwa mai kaɗan.

Auta ba ta san da sanarwar ba sai da ta dawo gida da yamma ta tarar da Rediyo zaune a tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba.

"Sannu da zuwa, Likita. Sannu da aiki. An gama da mu, saura wa?"

"Gwaggo, me ya faru?"

"Au, ba ki sani ba? Mai ilimi ba ta sani ba." Rediyo ta gaya mata, kalma bayan kalma, har da kurakuran rubutun sanarwar. "Kin zaci don jahilci muka ƙi zuwa teburinki? Shekaru huɗu da suka wuce wata ta faɗi a bakin inji, aka kai ta sama aka auna ta. Ta warke sarai. Kin sake ganinta? A wurin nan, 'yar nan, wadda aka san ciwonta ta tafi. Muna da ciwon baya, muna da ciwon ƙafa, akwai mai ciwon suga, kowa ta san na kowa, ba wadda ta taɓa kai wa Agogo. Sai ke, da biro mai kyau."

"Ya isa," in ji Inna daga ƙofar ɗaki.

"Bai isa ba. Gaya mata. In ba ki gaya mata ba ni zan gaya mata."

Inna ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin da take ajiye zare da allura. Ta zazzage zaren a cinya. A ƙasa akwai ƙwayoyin magani, kowacce an raba ta biyu da reza. Auta ta ɗauki guda ta juya. Ta san maganin, ta ci jarrabawa a kansa.

"Tun yaushe?"

"Tun kina aji biyu na sakandare. Wani mai kyamis ya auna ni. Ya ce ɗaya kullum. Ni kuma na ga rabi ma yana riƙe ni, kwalin ya fi daɗewa."

"Kin san abin da na'urar za ta nuna ke nan."

"Na sani."

"To don me kika zo, Inna? Don me kika fara zuwa?"

Inna ta shiga mayar da zaren cikin gwangwani, tana naɗe kowanne a yatsa.

"Na ga yaron nan mai gashin baki yana yi miki dariya. 'Yata tana tsaye da farar riga a gaban tebur ba kowa. Ina da rai za a yi haka?"

Auta ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shiga ɗaki ta rufe, ta daɗe, ta fito ta wanke fuska ta ɗora tukunya. Washegari ƙarfe bakwai tana ƙofar ofishin Malama.

Ta faɗi komai ba ta rage ba. Malama ta saurara har ƙarshe.

"Laifi nawa kika ƙirga?"

"Biyu. Na auna su ba bisa ƙa'ida ba. Na kuma ba da abin da ba nawa ba ga wanda bai kamata ya gani ba."

"Uku. An ce miki a'a, ba ki tambayi dalili ba. Akwai na huɗu, amma wannan nawa ne, da na bar ku kuka sauka ku kaɗai." Ta jawo takarda. "Dole in kai rahoto. Za a sa miki gargaɗi a fayil, kuma shaidar aikin sa kai ta bana ba za ki samu ba."

"Na yarda. Ba don ita na zo ba. Kwana goma sha takwas ya rage."

Malama ta dube ta ta saman gilashi. A ranar ta rubuta wa kamfani cewa awon da aka yi ba sahihi ba ne, a dawo da takardar. Takarda ta dawo, amma sanarwa ba ta sauka daga ƙofa ba. Agogo ya ce magana ta riga ta kai sama, na sama kuma takardar likita suke jira. Sai Malama ta hau bene ta sami wani tsohon likitan zuciya da suka yi aiki tare. Ya ce zai sa hannu ga duk wadda ta cancanta, amma sai ya ga awo uku na kwana uku daban-daban, kowanne a zaune, bisa ƙa'ida, kuma sakamakon a hannun mai shi zai tsaya.

Kafin komai Auta ta sauka ƙasa ita kaɗai, ba farar riga. Ta tsaya inda ta kafa tebur, ta ce ta yi musu laifi, ta faɗi laifin da bakinta, ta ce ba ta zo neman a ce ba komai ba. Wata ta ce, "Da ma ba za a ce ba." Wata ta ce, "Wannan karon wa za ki kai wa, gwamna?" Ta tsaya aka yi mata tas. Da suka gaji, ta bayyana musu abin da likita ya ce. Rediyo ta ce, "Minti biyar a zaune? A ɗakin nan? Je ki gaya wa Agogo, ina so in ga fuskarsa."

Ta je.

"Minti biyar sau goma sha huɗu sau uku," in ji Agogo, yana taɓa gilashin agogonsa. "Wa zai yi mini aikin? Ɗakin tiyata ba ya jira."

"Yallaɓai, kai ka nemi takardar likita. Likita ya ce ba takarda sai an zauna. In ka hana su zama, kai ka hana takardar, haka kuma zan rubuta."

"Ke da rubutu dai. Bai ishe ki ba?"

"Wancan na rubuta ba daidai ba. Wannan zan rubuta daidai. Amma ba sai an kai can ba. Inji ba zai tsaya ba. Duk wadda ta zauna, ɗalibi zai tsaya a gurbinta."

Agogo ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ya yarda, ko don ya sha kallo.

Litinin ɗalibai tara suka sauko da kujeru huɗu a ka daga ajinsu, hawa uku. Har da mai gashin baki, wanda Auta ta je ta same shi da kanta ta ce masa tunda ya iya dariya, ya zo ya gwada ninki. Aka jera kujerun a lungun da ke bayan ƙofa, inda iska take ɗan shigowa, aka rataya zane ya zama labule. Kowace mace aka ba ta ƙaramin kati, ita za ta riƙe, ba wani littafi.

Abin da ya fi wuya shi ne zaman. Matan nan sun yi shekaru ba su zauna da rana a ɗakin ba. Wata ta ɗosana a bakin kujera kamar baƙuwa, sai da aka ce ta jingina. Wata ta kasa ajiye hannuwanta, tana ta murza gefen riga. Wata tana jingina bacci ya ɗauke ta. Rediyo kuwa da aka ce ba magana, ta dubi Auta kamar an ce ta daina numfashi.

"Minti biyar ba magana? Kashe ni za ki yi ki huta?"

"Gwaggo, an fara ƙirgawa."

"To bari in faɗi wannan kaɗai."

"Mun koma farko."

Sau uku ana komawa farko. A can cikin ɗaki kuma ɗalibai suna shan wahala. Zane yana fitowa daga inji da zafi kamar garwashi, mai gashin baki ya cafe ya saki, ya cafe ya saki, yana hura yatsu. Abokiyar aikinsa, wata tsohuwa mai haƙori ɗaya a gaba, ta ce, "Likita, da wannan hannun za ka yanka mutane? Kama kusurwa. Ba nan ba, kusurwa. Ba a koya muku kusurwa ba?" Ɗakin ya ɗauki dariya, har Agogo sai da ya juya baya yana gyara murya. Kafin awa guda fararen riguna sun manne a bayan masu su, ba kuma wanda ya haura sama.

Haka aka yi Litinin da Laraba da Juma'a. Mutum goma sha uku aka auna, ba sha huɗu ba. Wata dattijuwa da ake kira Hajiyar Ninki, wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin, tun ranar da aka lika sanarwa ta kwashe takalmin aikinta da kofinta ta tafi. Ta ce ba za ta tsaya a kore ta a gaban yara ba. An aika mata sau biyu, ta ce a gaishe su.

Cikin sha ukun, takwas jininsu ya sauko daidai da zarar sun zauna, har da Rediyo, wadda ta ce da ma ita surutu ne maganinta. Likita ya sa musu hannu a take. Huɗu nasu ya ɗan hau, ya rubuta musu magani ya sa hannu. Na Inna kaɗai ya ƙi. A zaune, a jingine, shiru, ɗari da saba'in da biyar kan ɗari da biyar.

A awo na uku Auta ce ta ɗaura mata. Ta ga lambar, biro yana hannunta, ba kowa a bayan labulen sai su biyu. Ta tsaya.

"Me kike jira?" in ji Inna.

"Ba komai."

"Rubuta abin da kika gani. Ban yi guga shekara goma sha huɗu don ki koyi ƙarya ba."

Ta rubuta.

Tsohon likita ya karɓi katin, ya tambayi Inna wane magani take sha. Ta ciro rabin ƙwaya daga ƙullin mayafi ta ajiye masa a tebur. Ya ɗaga ya duba.

"Wa ya yanka wannan?"

"Ni."

"Da me?"

"Da reza."

"Hannunki ya fi na ɗalibaina daidai. Amma daga yau kin bar tiyata. Guda za ki sha, ga wani kuma na ƙara miki. Ki dawo ranar ƙarshe ta wata da safe. In ya sauko zan sa hannu. In bai sauko ba, ba zan sa ba, ko 'yarki za ta kwana a ƙofata."

Malama ta shigar da sunan Inna da na sauran huɗun cikin masu karɓar magani a asibitin sa kai na ɗalibai, wanda shekara da shekaru yake tafiya bayan gari bai taɓa sauka matakala goma sha biyu ba. Kwana goma suka rage. Auta ta aro na'ura. Kullum da asuba kafin Inna ta fita, sai ta zaunar da ita a kujerar tsakar gida, ta zauna a ƙasa a gabanta, su yi shiru tare. Ta janye gishiri daga girki, Inna ta ce abincin ya koma kamar na asibiti, Auta ta ce ai gida ya zama asibiti. Ɗari da saba'in. Ɗari da sittin da biyar. Kwana biyu ya tsaya cak, Auta ta kasa cin abinci, Inna ta cinye nata ta ce a ƙaro. A cikin kwanakin ne aka kira Auta gaban kwamitin ladabtarwa. Ta shiga ba ta sunkuyar da kai ba, ta amsa abin da ta yi, ta sa hannu a takardar gargaɗi, ta fito ta wuce ɗakin darasi. Ba ta gaya wa Inna ba sai da Rediyo ta ji a bakin masu shara ta kawo gida.

Ranar ƙarshe ta wata, likita da kansa ya auna. Ya sa Inna ta zauna, ya juya yana rubuce-rubucensa kamar ya manta da ita. Auta tana waje a kan benci tana kallon ƙofar. Da aka buɗe, Inna ta fito da takarda a ninke huɗu, kusurwa a kan kusurwa.

"Nawa?"

"Ɗari da talatin da takwas kan tamanin da shida. Tashi mu je."

Suka sauka tare. A bakin ofishin Agogo Auta ta miƙa hannu za ta karɓi takardar, Inna ta janye.

"Tsaya nan. Kin kai naki, yau ni zan kai nawa."

Ta shiga ta ja ƙofa. Injina suna ta ruri, amma hannuwa sun rage sauri, kowa ido yana kan ƙofar. Ba a jin abin da ake faɗa. Ta gilashin taga Auta ta ga Agogo ya karanta, ya juya bayan takardar, ya sake karantawa, ya jawo fayil. Ta ga Inna ta karɓi biro ta sunkuya, tana rubuta sunanta a hankali, harafi ɗaya bayan ɗaya.

Ta fito tana ɗaura ɗamarar rigar aiki.

"To?" in ji Rediyo. "Ko ke ma an hana ki magana?"

"Wata uku."

"Madalla. Je ki kama aikinki, tun safe nake yi miki."

Inna ta nufi teburin guga, ta taɓa dutsen da yatsa mai yawu ta ji zafinsa. Sai ta yafito Auta.

"Kin san gidan Hajiyar Ninki?"

"A'a."

"Bayan tashar mota, layi na biyu, gida mai koren ƙyaure. Asabar za ki je. Ba da motarku ba, ba da farar riga ba. Ki yi sallama, ki gaishe ta, ki zauna inda ta nuna miki. Na'urar ta tsaya a jaka sai in ita ta ce ki fito da ita."

"In ta kore ni fa?"

Inna ta shimfiɗa rigar tiyata a tebur, ta daidaita wuyanta, ta ɗora dutse.

"Sai ki gode mata, ki koma wata Asabar."